Damin da ke Bayan Kicin

Kurudu, Abuja

Zuwa ga Yaya Zulai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun isa Katsina lafiya. Ya ƙafar Inna, ya yara? Mu ma lafiya lau, haka dai ake cewa. Wayata na kashe ta, na gaji da amsa "ya haƙuri", shi ya sa na rubuto.

Tun da aka kai Baban Fiddausi makwancinsa ban yi kuka ba, Yaya. Ina ci, ina salla, ina zaman takaba, amma kamar wata ce ke yi ina kallonta.

Tambaya gare ni. Jiya Meshach, abokin aikinsa a wurin binciken rogo, ya zo neman wani damin karan rogo da marigayi ya jingine a bayan kicin, ɗaure da jan ƙyalle. Kin san shekarunsa nawa yana haɗa furen wannan rogo da na wancan, muna yi masa tsiya wai ya zama mai dalilin auren rogo. To a cikin dubban 'ya'yan da ya shuka, guda ɗaya ne ya fito yadda yake so: cikinsa rawaya, ga gari, kuma da aka gwada ganyensa aka ga cutar nan mai ƙudundune ganye ba ta kama shi. Sun tone shi a gonar gwaji a Karshi, ya kawo karan gida zai kai a dasa, sai ya yanke jiki ya faɗi. Meshach ya ce babu wani sai wannan damin, kuma ko an sake haɗa iyayen ba za a sami irinsa ba, kamar dai ni da ke.

Na duba, babu. Ku ne kuka yi girkin sadakar uku. Ko kin ga inda aka kai shi?

A gaida Inna.
Ƙanwarki,
Mashkura

Yaya Zulai,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, ya jikin Inna? Amsarki ta iso.

Ashe shi ne itacen da ya ƙi ci ran nan, ya cika gida da hayaƙi har kuka zuba masa kananzir. Na tuna shinkafar ma ta yi ƙauri. Na ci kuwa.

Don Allah ki daina kukan nan da aka ce kina yi. Itace ya ƙare, mutane sun cika ƙofar gida, kin ga dami kin ɗauka. Mu da muka tashi a kan gero, wa ya taɓa gaya mana kara ne iri? Ba na fushi, wallahi. Na ma nemi fushin in ji ko zan same shi, babu.

Da na gaya wa Meshach, zama ya yi daɓas a kan dakali ya riƙe kai. Ni kuwa ina tsaye ina tunanin omo ya ƙare.

Shekaranjiya Kindness ta zo gaisuwa, matar da aka yi gwajin a gonarta. Rogonta duk shekara cuta ke cinye rabi, ita ta fi kowa jiran wannan iri. Ta ce ranar tono, bayan ma'aikata sun tafi, ta tsince guntattakin karan da suka zubar ta soke a bakin kunya, don su manoman rogo a wurinsu ba a barin kara a ƙasa. Sai dai iri-iri ne a gauraye, ba ta san wanne ne wanne ba. Meshach zai ɗebi ganyen a gwada. Na ce to.

Taki,
Mashkura

Yayata,

Assalamu alaikum. Ya damina, ya Inna da yara? Ki yafe mini dogon shirun.

Tun bara sakamako ya fito: a cikin abin da Kindness ta soke, tushe ɗaya shi ne irin nan na marigayi. Meshach har tsalle ya yi, ita kuwa ta rangaɗa guɗa a tsakar gidana. Na ce alhamdulillahi, na koma wanke-wanke. Ko ke ban iya rubuto miki ba, sai Fiddausi na sa ta kira ki.

Bana su Meshach sun yanke karan sun dasa, ƙila nan gaba a raba wa manoma. Kindness ta roƙa mini guntu ɗaya, ta kawo a leda, wai in dasa a gida.

Yau da safe na yi rami a bayan kicin, daidai inda damin yake. Na riƙe karan, sai na rasa wane gefe ne sama. Kullum marigayi yana faɗa cewa in aka kifa idon karan ba ya yin kirki, ni ba na saurara. Ban san lokacin da na juya wajen tagar ɗakinsa na ƙwala kiran Baban Fiddausi ba, har sau biyu, har ina jin haushi ya ƙi amsawa.

A nan na zauna cikin taɓo, Yaya. Sai da maƙwabta suka shigo.

Yanzu idona ya kumbura, da ƙyar nake ganin takardar. Karan yana nan na jiƙa shi a ƙyalle. Ki zo mu dasa tare, Kindness za ta nuna mana.

Ƙanwarki,
Mashkura