Darasin da Madam Zuliha Ba Ta Bayar Ba

Maraɗi, unguwar Zariya, watan Maris

Yaya Zuliha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mai gidanki da yara. Ya zafi, ya fama da ƴan lakwal, ɗaliban naki? Inna tana gaishe ki. Ƙafar tata da sauƙi, sai dai kullum tambaya take yaushe za ki leƙo.

Na kira ba ki ɗauka ba, saƙonnin da na tura ta waya ma ban ga kin buɗe ba, shi ya sa na ba Lawali mai kabu-kabu wannan takarda. Akwai formasiyo, wato taron horo, na malaman firamare da za a yi nan Maraɗi mako mai zuwa, kan koyarwa da tablet, kuma ni aka ɗora wa shirya shi. Na san za ki ce kin gaji da irinsa, amma wannan daban yake. Masu ba da kayan za su zo daga Yamai, abin da suka gani ranar rufewa shi zai sa su ci gaba da aiki a makarantunmu ko su tattara su tafi. Suna son su ga malamin karkara ya ba da darasi gaban jama'a da na'urar a hannunsa. Da shugabana ya tambaye ni wa zan sa, ban yi shawara da kowa ba na ce ke. Duk Jiratawa wa ya kai ki daɗewa a aji? In ke kika yi, ba wanda zai ƙara cewa abin na yara ne.

Ki taimake ni, Yaya. Shekara biyu ke nan ina yawo da projekta daga wannan zaure zuwa wancan. Ni ma na gaji, ina so in ga ya haifar da wani abu.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki, Idirisa

*

Jiratawa

Idi,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, muna lafiya, sai zafi da ya sa mu gaba. Ka gaida Inna da Ramatu da yaranku.

Ka ce wannan daban yake. Haka aka ce mana a na farko, inda aka koya mana kunnawa da kashewa. A na biyu aka sake koya mana kunnawa da kashewa, don an canza mai koyarwa. A na uku wuta ta ɗauke a otel, muka wuni muna fifita da takardun da aka raba mana. Su kuwa tablet ɗin da aka kawo makarantarmu suna cikin akwati a ofishin direkta, shugaban makaranta, tun da batirin sola ya mutu da damina. Yanzu awakin maƙwabta ke cin moriyar solar, suna kwanciya a inuwarta.

Aji shida nake riƙe da shi bana, Idi, jarrabawa kuma tana tafe. Duk sanda na tafi formasiyo sai direkta ya haɗa su da ƴan aji biyar, a jibge su kamar buhunan gero, in dawo in tarar sun manta abin da muka yi. Akwai wata yarinya da aka kawo mana ta kwantiragi, Halimatussa'adiya, ita da waya kamar tare aka haife su. Da ita ka sa da ta fidda ka kunya.

Amma na san ka, ka riga ka buɗe baki gaban shugabanka, ba za ka iya janyewa ba. Zan zo in zauna tare da kowa. Maganar tsayawa gaban mutane dai ka ɗauke mani ita, don Allah. Ba wasa nake ba.

Yayarka, Zuliha

*

Maraɗi

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na bari sai da zuciyata ta ɗan kwanta kafin in rubuto, amma ba ta kwanta duka ba.

Na ga kin ce in ɗauke maki darasin, na ɗauka kunya ce irin taki. Da na gan ki kullum a gaba kusa da Madam Mansura kina sauraro, sai na ce kin sauko. Ranar rufewa na kira sunanki gaban baƙi, da shugabana, da malamai cike da zaure. Kika taso, na miƙa maki tablet na buɗe maki darasi. Kika tsura wa na'urar ido, aka yi ta jira har wani ya fara tari. Sannan kika ɗago kika ce, "A ba ni alli." Zauren otel, Yaya, ina alli, ina allo? Mutane suka kwashe da dariya. Kika ajiye ta kan tebur kika ce, "Ku yi haƙuri," kika fita.

Matar da ta zo daga Yamai rubutu kawai ta yi. Shugabana ya ja ni gefe ya ce, "Wannan ce yayar taka da kake yabo?" Yanzu ya ce in rubuta rapor, wato rahoto, a kanki, in faɗi dalilin da ya sa malama ta ƙi aikin da aka sa ta gaban baƙi. Ni, a kanki.

Abin da ya fi ci mani rai, ko gida ba ki biyo ba. Inna ta sa Ramatu ta yi maki dambu, ta zauna bakin ƙofa har la'asar. Sai ji muka yi kin hau mota kin koma.

In kina ganin aikina shirme ne, ai da kin gaya mani a tsakar gida, ba a gaban duniya ba. Me na yi maki?

Idirisa

*

Tibiri, watan Afrilu

Malam Idirisa,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya da iyali. Ni ce Mansura, wadda ta zauna kusa da yayarka a formasiyo. Tun makarantar horon malamai muke tare da ita. Ta ce kar in gaya wa kowa abin da zan gaya maka, na ce to, amma ban rantse ba. Na ji ana maganar rapor, ba zan iya yin shiru ba.

Yayarka ba ta gani sosai.

Ranar farko ta ce mani, "Mansura, karanta mani abin da ke bango a hankali, na manta madubin idona." Alhali madubin yana cikin jakarta, na gan shi. Da aka kawo shayi ta miƙa hannu ta kama iska gefen kofi. A matakalar otel kuma saura kaɗan ta faɗi. Sai a wurin alwala na tsare ta, na ce ko ta gaya mani ko in kira ka. Ta ce tun farkon shekara ta ga likitan ido nan Maraɗi, ya ce tansiyon ido ne, wato hawan jinin ido. Na hagu ya kusa tafiya, na dama ake lallaɓawa da magani. Takarda sai ta kai ta bakin hanci a cikin rana take karantawa. Hasken waya kuwa kamar barkono yake mata.

Na ce ta gaya maka. Ta ce, "Idi ya sa ransa a wannan taro. Zan yi mashi darasin." Kullum in an fita cin abinci, mu sai mu zauna a baya. In buɗe darasin lissafin rabawa da ka nuna ranar farko, ina kama yatsarta ina kai ta inda za ta danna, har ta haddace: nan, sai nan, sai nan. Ta iya shi tsaf, wallahi, har muka yi dariya.

Ranar rufewa sai ka buɗe mata wani darasi daban, na taswira. Ina zaune na ga yatsarta ta je inda muka saba, ba ta tarar da komai ba.

Ba don in ɗora maka laifi na rubuto ba, ba ka sani ba. Da ta fita na bi ta har tasha. Ta ce ba za ta je gida ba, don Inna kallo ɗaya za ta yi mata ta gane.

Ka yi abin da ka ga ya dace. In ta yi fushi da ni, na ɗauka.

Wassalam, Mansura

*

Maraɗi

Yaya Zuliha,

Assalamu alaikum. Kin ga na yi rubutun da manyan baƙaƙe, kin san ke nan Madam Mansura ta gaya mani. Kar ki ga laifinta.

Ki yafe mani. Na karanta takardarta a ofis. Darasin da safiyar ranar na canza shi, don na ga na taswira ya fi launi, zai fi burge baƙi. Kwana da kwanaki kina gabana, ni bango nake kallo.

Ga abin da na yanke. Zan rubuta gaskiya a rapor, in haɗa da takardar likita. Ba wanda zai hukunta marar lafiya. Za a ɗauke ki daga aji a ba ki zama a wani ofis nan Maraɗi, kusa da asibiti, kusa da mu. Ɗakin da ke jikin na Inna babu kowa ciki. Ƙurar alli da ranar Jiratawa ba za su bar maki ɗayan idon ba.

Mutanen Yamai sun ce za su yi tunani. Su yi ta yi, ba su ne a gabana ba yanzu.

Ki aiko mani takardar likitan ta hannun Lawali.

Ƙanenki, Idirisa

*

Jiratawa

Idi,

Wa alaikumus salam. Na karanta takardarka da kaina, ban nemi kowa ba. Allah ya yi maka albarka. Ba abin yafewa tsakaninmu, ni na ɓoye.

Takardar likita kuwa ba zan aiko ba. Ka rubuta cewa na ƙi. Ka ce tsohuwa ce mai taurin kai, ba ta son sabon abu. Za su yarda, dama abin da suke zato ke nan.

Ka saurare ni. In ka rubuta ido, kafin wata ya ƙare an fidda ni daga aji, kuma ka fi ni sanin ba za a turo kowa ba sai wata shekara. Yaran nan tun suna aji uku malamai ke zuwa suna tafiya a kansu. Da na karɓe su rabinsu ba sa iya karanta sunan garinsu. Yanzu sun fara tsayawa da ƙafafunsu. Yaranmu kuwa in sun faɗi ba sa maimaitawa, sai dai ka gan su a tasha ko bakin iyaka suna dakon jarkar mai. In ka ce na ƙi, iyaka a ba ni takardar gargaɗi, ita kuwa ba ta kashe kowa. Ka bar ni in kai su jarrabawa, daga nan ka yi yadda kake so da ni.

Ina sa maganin safe da yamma. Halimatussa'adiya tana duba mani littattafan yara, a nan ita da mai gidana kawai suka sani.

Kar ka ɗauka gaba nake da na'urarka. A otel Mansura ta ja rubutun da yatsu biyu ya yi girma, na ga baƙi tangaran, rabona da haka tun bara. Sai da na juya kai don kar ta ga fuskata. Da a ce cikin tarukan nan wani ya taɓa tambayarmu me ke damunmu kafin ya kunna projekta, wataƙila da na buɗe baki tuni. Amma kullum a makare ake farawa, a gurguje ake rufewa, a ɗauki hoto a watse.

Na san abin da nake roƙonka ba ƙarami ba ne, kai da ba ka iya ƙarya ba tun kana yaro. Na gaji, Idi, ba ni da ƙarfin jayayya. Ka yi mani wannan.

Inna kuma kar ta ji tukuna.

Yayarka, Zuliha

*

Jiratawa, ƙarshen watan Yuni

Idi,

Assalamu alaikum. Wannan ba hannuna ba ne, Halimatussa'adiya ke rubutawa ina faɗa mata.

Takardar gargaɗin ta iso tun watan jiya, direkta ya karanta mani. Na gode. Na san ba da sauƙi ka sa hannu a rapor ɗin ba.

Yara sun zauna jarrabawa, ba wanda ya yi fashi. Sauran na Allah ne. Na miƙa makullin aji.

Ka zo ka ɗauke ni ranar Asabar, ka zo da kanka. Kafin nan ka zaunar da Inna ka gaya mata komai. Ba na so ta gane daga yadda zan shigo ƙofa.

Yayarka, Zuliha