Igiyar Layin Kasuwa

Tambuwal.

Zuwa ga Yaya Na'iya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Mu'minatu da yara da duk mutanen Kebbe. Mu ma nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Tunda ka daina ɗaukar wayata, ga takarda ta hannun Ɗangiwa mai kabu-kabu. Ita dai ba ta da maɓallin kashewa.

Na san abin da ya hana ka zuwa. Tun da kwamitin kasuwa suka ɗaure igiya a bakin layinmu, suka ce ranar kasuwa mota da babur su tsaya a filin bayan gari, a shigo da kaya a baro da amalanke, ba ka ƙara taka garin nan ba. An ce Jega kake kai hatsin mutanen Fakku yanzu. Na kuma san abin da ya fi ci maka rai: mijin ƙanwarka, Baban Ihsan, shi aka ba riƙon igiyar.

Amma Yaya, kana nan ranar da uwarsa ta rasu. Ranar kasuwa ce, motoci sun cushe layin tun daga bakin titi har ƙofar gidanmu, ko akuya ba ta samun wurin wucewa. Da idona na ga an ɗaga makarar Hajiya ana miƙa ta hannu da hannu ta saman motoci kamar buhun gero. Tun ran nan ɗanta bai sake komawa daidai ba.

Ba shi ya sa na ɗauki biro ba. Maganar Baba Alhaji Tambaya ce, surukina, mai masaukinku tun zamanin mahaifinmu Baba Almu. Ka san idonsa ya tafi, da kunne yake gane baƙinsa, kowace mota da kukanta. Ba wanda ya gaya masa maganar igiya, ɗansa ya hana. Ce masa aka yi ruwa ya ɓata hanyar Kebbe. Duk ranar kasuwa sai ya sa a shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, a dama fura cike da ƙwarya, ya zauna ya karkata kunne har la'asar. Furar nan ni nake zubar wa awaki da yamma. Abinci ma yanzu sai an yi da gaske yake taɓawa. Shekaranjiya ya kira ni, ya ce, "Khairiyya, mi niy yi ma ɗan Almu yab bar ƙofata?"

Ka ajiye motarka a fili ka tako ka gaishe shi. Ƙafarka ba ta lalace ba, totur kawai ta saba takawa.

Ka gaida kowa.
Ƙanwarka, Khairiyya.

*

Kebbe.

Khairiyya,

Wa'alaikumus salam. Saƙonki ya iso, muna lafiya. Gara da kika rubuta, don abin da ke bakina ba na waya ba ne.

Ke yarinya ce lokacin da Baba Almu yake kora jakuna daga nan zuwa Tambuwal, ina biye da shi. A ƙofar Alhaji yake ɗaure su, turken yana nan har gobe, ki leƙa ki gani. Da na sayi a-kori-kura, Alhaji da kansa ya nuna mini inda zan riƙa tsayawa, ya ce tayar gaba ta taɓa bakin tabarmarsa. Nan ake sauke kaya, nan ake cinikin, nan muke salla. Ke kanki ta ƙofar nan kika shiga gidan aure. Baƙon da ya sauke kayansa a wani wuri ya sake mai masauki ke nan, kowa ya san haka. Yanzu mijinki ya ce in sauke hatsin mutane a fili, cikin kashin shanu, in biyo bayan mai baro ina raɓe-raɓe kamar wanda ya zo cin arziki?

Ranar farko na zo, ai kin sani. Ya tare ni da jar riga da usur a wuya, ya hura mini usur. Ni! Mutumin da na sa hannu aka ba shi aure. A gaban direbobin Kebbe duka, har yau da usur suke yi mini sallama a tasha.

Allah ya jiƙan Hajiya, darajarta ta fi ƙarfin abin da aka yi wa gawarta, kuma ni ma abin ya dame ni. Amma laifin 'yan tirela ne da masu bas da ke lodi a tsakiyar hanya, ba namu ba da muke da ƙofar tsayawa.

Maganar Baba Alhaji ta hana ni cin tuwo. Sai dai ku kuka yi masa ƙarya, ba ni ba. Ki gaya wa mijinki ya sauke mini igiya in wuce, ni kaɗai, ran nan zan zo. Da ƙafa kam ba ni shiga Tambuwal.

Ki shafa mini kan Ihsan.
Yayanki, Na'iya Almu.

*

Tambuwal.

Zuwa ga Yaya Na'iya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan alheri gare ka da iyali.

Maiɗakina ta nuna mini takardarka. Game da usur, ina neman afuwa. Ban ga wanda ke cikin motar ba sai da na riga na hura.

Game da buƙatarka kuwa, ba zan iya ba. Duk direban da ke shigowa layin nan yana da ƙofar da yake tsayawa, kuma kowa yana ganin tasa ce ba ta tare hanya. Ranar da na sauke igiya saboda surukina, to daga ran nan ta zama igiyar shanya. Tun da aka fara wannan tsari mata masu nono suna tafiya a tsakiyar layi ba mai ture su, kuma kasuwar da ta wuce an fita da wata mai naƙuda ba tare da an tsaya roƙon kowa ya ja baya ba.

Ka ce laifin 'yan tirela ne. Ban so in faɗa ba, amma tunda ka kawo maganar: ni ne a gaban makara ran nan. Mota ta ƙarshe da muka tsallake da mahaifiyata taka ce, tana tsaye inda ka saba tsayawa. Na taka buhunanka da ƙafata kafin in sauka.

Idan ka zo, ni da kaina zan tura baron kayanka har zauren Baba. Ina kuma sanar da kai cewa matasan da ke taya ni tsaro suna riƙe da gora, kuma ba kullum suke jin maganata ba.

Na gode. Allah ya bar zumunci.
Abdulganiyyu Tambaya.

*

Kebbe.

Khairiyya,

Salamu alaikum. Na ga takardar malam. Wato ni na wulaƙanta gawar uwarsa, kuma gora tana jirana. Madalla.

To ki gaya masa kasuwa mai zuwa ina tafe da lodin gero har sama. Ba zan tsaya a fili ba, ba zan tsaya a igiya ba. Inda Alhaji ya nuna mini zan tsaya. In ya ga dama ya sauke igiyarsa, in ya ga dama ya riƙe ta da kyau. Duk wanda ya tsaya gabana shi ya sani, don birkin motar nan ko ni sai na lallashe shi.

Kada ki fito waje ran nan, kada ki bar Ihsan ta fito.

Na'iya.

*

Tambuwal.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ban da natsuwar doguwar gaisuwa, ka yi haƙuri.

Takardarka ta iso. Na roƙi Baban Ihsan ya ba wani igiyar ran nan, ya ce in ya matsa ko taki ɗaya kada Allah ya haɗa fuskarsa da ta uwarsa. Ka ji irin rantsuwar da ya yi. Ku biyun nan Allah ya haɗa ni da masu taurin kai, ɗaya a ce mini gwauruwa ta dalilinsa, ɗaya a ce mini ƙanwar mai kisan kai. Wanne kuka zaɓar mini?

Na yi abin da aka hana ni. Yau da hantsi na durƙusa gaban Baba Alhaji na gaya masa komai: igiya, da mai riƙonta, da usur, da abin da ka ce za ka yi. Na zaci zai yi faɗa. Sai kawai ya ce, "Ashe ba hanya ta ɓaci ba." Sannan ya ce, "Ashe ba gudana yay yi ba." Yaya, murmushi na gani a fuskarsa. Ya ce a kawo masa tuwo, ya cinye tas.

Da ɗansa ya dawo bai ce masa uffan ba. Ni kaɗai ya ce wa in wanke tabarmarsa, gobe in dama fura da sassafe, in sa nono da yawa don kai kake son ta haka. Ban san abin da ke ransa ba, kuma shirun nan ya fi faɗa ba ni tsoro.

Don Allah, don darajar Baba Almu da ke kwance, ka tsaya a fili.

Ƙanwarka mai kuka,
Khairiyya.

*

Kebbe.

Khairiyya,

Assalamu alaikum. Mu'minatu ce take rubuta wannan, ni nake faɗa, don hannun dama yana ɗaure da karare. Mai ɗori ya ce zai haɗe. Na san kin ji labari iri-iri, ga nawa.

Takardarki ta same ni, na karanta, na sa a aljihu na tada mota. Ba zan ce ban gani ba. Da na wuce filin, direbobinmu suna ɗaga mini hannu in tsaya, na ƙara wuta. Na sha kwanar layin kasuwa hannuna a kan hon. Na hango jar riga, na hango yara da gora suna watsewa gefe, na ce yau za a gani.

Sai na ga tabarma.

A tsakiyar hanya take, gaban igiya, ta wajen da nake tahowa. Baba Alhaji yana zaune a kai da farar riga, ƙwaryar fura a gefensa an rufe da faifai. Ya karkata kai yadda ya saba. Da ya ji kukan motar sai ya ɗaga hannu yana yi mini maraba.

Na taka birki ya tafi har ƙasa, ba komai. Na sake takawa. Gero yana turo ni ta baya. Ina ganin furfurar gemunsa ɗaya-ɗaya. Ban san lokacin da na murɗe sitiyari ba, sai ji na yi mun faɗa kwata, motar ta kwanta, buhuna suna fashewa.

Mijinki ne ya jawo ni ta taga. Yaran suka taso da gora, ya daka musu tsawar da ban san yana da ita ba. Ina kwance a ƙasa na ji muryar Baba yana cewa, "Wanga Na'iya na. Ya zaka. Ku kawo mai hura shi sha." Aka tallabe ni aka ba ni, na sha ina kuka a gaban duk kasuwa. Daga nan na sa aka ɗauko ni zuwa gida.

Abin da ke cin raina shi ne, tsohon nan ya zauna ne don ya amince tayata ba ta taɓa wuce bakin tabarmarsa. Ko da kika gaya masa, bai yarda zan aikata ba. Kada ku gaya masa ban rage wuta ba. Ku ce birki ne kawai. Wannan ƙaryar ni nake roƙo.

Ki ce wa Abdulganiyyu har yanzu ban son usur ɗinsa, amma na gode.

Yayanki, Na'iya.

*

Tambuwal.

Yaya Na'iya,

Wa'alaikumus salam. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Ba sai mun yi ƙarya ba. Na fara ce wa Baba Alhaji birki ne, ya katse ni. Ya ce, "Ɗiyata, ni da nika gane mota da kunne? Tun daga kwana na ji bai sassauta ba."

Na ce, to Baba me ya hana ka tashi?

Ya ce, "In na tashi, Abdulganiyyu na bayana."

An kwashe geron, mijina ya turo shi a baro har zaure. An mayar da tabarma ƙofar gida, kusa da turken jakunan Baba Almu. Baba Alhaji ya ce ba ya ƙara fita bakin igiya, tsufa ya yi. Ya ce in gaya maka sautin takunka ne kaɗai bai sani ba, kuma yana son ya koya.

Ranar kasuwa zan dama fura.

Ƙanwarka, Khairiyya.