Da Hagu Nake Rubuto Miki

Mama,

Ki sa mini albarka. Yaya ƙafar taki? Yaya 'yata Yaritza da kowa da kowa a Ponce?

Kar rubutun nan ya tsorata ki, da hagu nake yi. Ina haɗa wayoyin lantarki a can ƙasan sabon jirgin ruwan da muke ƙerawa a nan Mississippi, wani ya mayar da wuta bai duba ba, ta ɗan lashe mini hannun dama. Abokin aikina Tyrell ne ya fizgo ni. Sai cewa yake, "Kai Efraín, in mutuwa za ka yi, bari a tashi aiki tukuna!" Kullum matarsa sai ta aiko mini da shinkafa da wake, kodayake bai kama ƙafar naki ba.

Likita ya ce yatsu uku za su dawo daidai. Sauran biyun bai ce komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Kin san na yi wa Yaritza alkawarin kaɗa mata jita ranar aurenta. Kar ki gaya mata komai, zan zo. Ki dai ce mata ta zaɓi waƙar da ba ta da sauri.

Ɗanki,
Efraín