Kalma Ɗaya a Rahoton Dam

9 ga Agusta

Zuwa ga Dogo, abokin karatuna,

Ina gaisuwa, tunda addini ya ce a yi. Yau shekara talatin da biyu ke nan da ka rubuta a rahotonka wai na rasa kwanturol, ranar da na buɗe ƙofar dam ta uku ba da umarni ba. Kalma ɗaya ta raba ni da aikina.

Na san kalmar nan tun kana leƙen littafina a aji. Riƙon linzami take nufi: a ja, a sassauta, gwargwadon hali. Wayar ofis ta mutu, ruwa ya wuce jan layi, bango yana gumi. Sai na sassauta. Gonaki sun tafi, gari ya tsira. To wa linzami ya kuɓuce wa?

Har yau ina mafarkin wurin. Ruwan yakan shigo ɗakina a hankali, ya ɗaga tabarma da littattafai, ina zaune a kansa da farar rigar aiki, ko gefenta bai jiƙe ba. Ina so ka janye kalmar nan a rubuce kafin ɗayanmu ya tafi.

Ka huta lafiya,
wanda kuke kira Ƙamus.

20 ga Agusta

Baba Ƙamus,

Ina gaishe ka da girmamawa. Ni ce autar Dogo. Idanunsa sun tafi, ni nake masa karatu. Da ya ji wasiƙarka ya yi dariya har da tari, ya ce, "Tsohon nan har yanzu bai huce ba? Gaya masa manya sun so a rubuta ganganci ne, a kai shi kotu. Mai sauƙin na zaɓa masa." Ya ce ka rubuta duk abin da ranka ke so, ka kawo da ƙafarka, zai dangwala yatsa. Ya sa na share ɗakin baƙi. Jikin nasa ba ƙwari, Baba. Kada ka daɗe.

'Yarka.

15 ga Satumba

'Yata,

Allah ya yi miki albarka. Ina nan tafe. Takardar ce ba ta yi ba tukuna, na yaga bakwai. Ba zan kai wa Dogo jimla mai ɗingishi ya samu abin dariya ba. Jiya da rana na gyangyaɗa, sai ga mu a kan bangon dam muna samari, yana jifan ruwa da tsakuwa, da'irar da ruwan ya yi tana ta faɗaɗa, ta ƙi kaiwa gaɓa.

Ki gaishe shi.

2 ga Oktoba

Baba,

Ina gaisuwa. Allah ya yi wa mahaifina rasuwa ranar Talata da hantsi. Kullum sai ya tambaya ko motarka ta iso.

'Yarka.

6 ga Oktoba

'Yata,

Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Takardar ta kammala ranar Litinin, ana gobe zai rasu, ba kuskure ko ɗaya. Shi kaɗai ya rage wanda ya san ni ina saurayi. Yanzu babu kowa.

Ku huta lafiya.