Kuɗin Watannin da Ba Su Zo Ba

Ayigya Zango, Kumasi.

Zuwa ga Yaya Sumana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Sherifa da yara, ya kuma sassauta muku sanyin Jamus ɗin nan da kake kuka da shi. Mu nan alhamdu lillahi. Mma tana nan da ƙarfinta, sai ciwon gwiwar nan da ya zame mata ɗan gida. Ɗana Shakiru ya gama koyon walda, har ya fara kawo cefane yana hura hanci.

Yaya, maganar ƙaninmu Abdul-Manan ce ta zaunar da ni rubutu, kuma raina a ɓace yake. Ka san sana'ar waifai ɗin nan ta intanet da ka saya masa kayanta, wadda yake ja wa gidaje waya suna biyansa wata-wata. Ya gaya maka ya sayar wa Alhaji Iliasu na Asokore Mampong, amma na tabbata bai gaya maka yadda ya yi ba. Ana saura kaɗan a yi cinikin ya zo mini da murmushin nan nasa, wai zai yi rangwame, duk wanda ya biya shekara gaba ɗaya an yafe masa wata biyu. Ya ce in taya shi faɗa wa masu gidajen haya tunda suna jin maganata. Ni ban san yana shirin sayarwa ba. Na bi gida-gida, har a wajen suna sai da na yi masa talla. Matan da ke ba ɗaliban jami'a haya suka tattara abin da ke hannunsu suka tura masa ta asusun waya na MoMo, don kawai Safia ce ta ce.

Aka yi cinikin yadda muka saba sayar da shago a Zango. Aka tara dattawa, aka duba na'urori da wayoyi da ƙarafan da ke kan rufi, aka ce kaya na mai saye ne, abin da ke aljihun tebur, wato kuɗin da aka riga aka karɓa, na mai sayarwa, aka shafa Fatiha. Babu wanda ya tambayi me ke cikin aljihun. Dattawan nan a shagon atamfa da na shinkafa suka san ciniki, inda duk kuɗin da ya shigo kayansa sun riga sun fita. Abdul-Manan ya san nasa ba haka yake ba. Duk da haka ya ɗaga hannu ya shafa tare da su. Wannan shafawar ce ta fi tsaya mini a rai.

Da wata ya ƙare Alhaji ya aika karɓar kuɗi, gida bayan gida ana ce masa an biya har baɗi. 'Yarsa Rashidatu, wadda take riƙe masa lissafi, ta zo har ɗakina ta yi mini bayani, cikin ladabi kuwa. Ta ce kuɗin da aka biya gaba ba riba ba ne, aiki ne da ba a yi ba tukuna, yana nan a wuyan mai sana'a. In za a sayar, ko dai a cire shi daga farashi, ko a miƙa shi ga mai saye, domin shi ne zai riƙa biyan kamfanin da ke ba su layi kowane wata. Babanta ya ɗauki nauyin daga aljihunsa har ya gaji, sai ya yanke wa kowa layi. Ban ga laifinsa sosai ba. Sai dai da ya bar 'yar tasa ta duba kafin Fatiha da ba a kai nan ba, amma wai kunya ya ji ya binciki ɗan mutunci a gaban manya.

Na je na sami Abdul-Manan, ko gezau bai yi ba. Wai shi bai yi ƙarya ba, ba a tambaye shi ba ne, kuma al'ada ce ta ba shi aljihun tebur. Yana faɗa yana juya makullin sabuwar motarsa a yatsa. Na dube shi na ji ƙyama, Yaya, abin da ban taɓa zaton zan ji ba game da yaron da na goya a bayana. Yanzu ɗalibai sun fara tashi daga gidajen matan nan suna neman inda akwai intanet. Maƙwabciyata Mamuna, wadda hayar nan ce abincinta, ta daina amsa gaisuwata, kuma tana da gaskiya. Ko trotro, motar haya, zan shiga sai na taka can gaba don kada mu haɗu.

Ga abin da nake roƙo. Abdul-Manan ya kawo mini kasonka na cinikin in aika maka, yana hannuna ban taɓa shi ba. Rashidatu ta ce in aka kai wa babanta, zai isa a mayar wa yawancin gidajen layinsu, sauran kuma ni zan san yadda zan yi. Na san kana gini kuma ka sa rai da shi, ba zan motsa ko kobo ba sai da izininka. Amma gara ka sani, gumin matan nan ne a ciki.

Sannan kada ka ga Mma ta kwana biyu ba ta kira ku a bidiyo ba ka ɗauka fushi take yi. Ita ma ya karɓi na shekara a hannunta, daga ɗan cinikin goronta. Na ce mata ruwan sama ne ya taɓa waya. Kullum bayan la'asar takan zauna da wayar a cinya ta ce in duba ko layi ya dawo, wai tana so ta ga autarku Kausara ta fara tafiya. Damina ta kusa wucewa, Yaya, ban san abin da zan ce mata ba in ruwa ya ɗauke.

Ka gaishe mini da Sherifa da kyau, da ɗanku Abdul-Fatawu, ka shafa mini kan Kausara. Shakiru yana gaisuwa. Ina sauraron amsarka.

Ƙanwarka,
Safia