Tukunyar Guduma

Assalamu alaikum, Auta.

Ina miƙo maka gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da amaryarmu da 'yar jaririyar da har yanzu a hoto kawai muka san ta. Allah Ya raya ta, Ya ƙara muku rufin asiri, Ya sa nisan da aiki ya kai ka ya zama alheri. Mu nan sai godiya. Gwaggo ta samu sauƙin gwiwarta har ta koma yawon zumunci, maigidana yana fama da shagonsa, yara kuma sun koma makaranta, kunnena ya huta. Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon in kira ka, don na san halinka tun kana goye a bayana, ba ka barin mutum ya kai aya. Takarda dai ba za ka katse ta ba.

Maganar abincin Guduma ce, karen da ka bar wa Baba da za ka tafi. Ka tuna yadda ya yi ta faɗa cewa shi kafinta ne, ba makiyayin karnuka ba? To yanzu ko bakin ƙofa zai leƙa, Guduma na biye da shi. Abin da ba ka gani da idonka ba shi ne yadda Baba ya koma bayan rasuwar Inna. Kullum sai in aika masa da abinci a kula, da yamma a dawo mini da ita kamar ba a buɗe ba. Na yi lallashi, na yi fushi, har kuka na yi masa, sai ya ce bakinsa ne babu daɗi. Ana cikin haka wata safiya na je na tarar da hayaƙi a ɗakin girki. Baba ne, mutumin da bai san inda Inna take ajiye ludayi ba, tsaye a kan tukunya. Ya ce tun da mai dafa wa karen ta tafi, ba zai zuba ido dabba ta rame a gidansa ba.

Daga ranar ya samu abin yi. Da safe ya sa hula ya tafi kasuwa, ya tsaya ya yi ciniki da mai kifi, ya sayo kabewa da karas, ya dawo ya ɗora shinkafa a ƙaramar tukunyar nan da ya yi wa mariƙin katako. Mai girki kuwa ba ya rasa ɗanɗanawa. Daga ɗanɗano aka koma cokali biyu, daga nan sai ga faranti. Sai ya zauna a kan bencin tsohon wurin aikinsa, ya zuba wa Guduma nasa a kwano can gefe, shi kuma ya ci nasa yana ba shi labarin katako. Ban taɓa ce masa komai ba, don kada in yi magana ya fasa. Wallahi Auta, ranar da na fara ganin farantin nan wayam, sai da na ɓuya a bayan ƙofa na share hawaye.

Sai ciwon nan na Guduma ya zo. Gaskiyarka ne, albasar da Baba yake zubawa da yawa da ƙashin kazar da yake ba shi ne suka kwantar da karen, likitar dabbobi ma haka ta ce. Kuma buhun abincin kantin da ka sa ake kawowa ya yi aiki. Guduma ya murmure, gashinsa har sheƙi yake, ko da yake ni har yau in na ga ƙwayoyin nan kashin awaki nake tunawa. Ban ce ka yi laifi ba. Amma da ka kira Baba a waya cikin tashin hankali ka ce saura kaɗan ya kashe maka kare, maganar ta shige shi fiye da yadda kake zato, ka san magana zarar bunu ce. Bai yi musu ba. Ya wanke tukunyar tas, ya kife ta a kan kantar ɗakin girki. Yanzu awo biyu zai ɗebo daga buhu, kafin ya juya kare ya lashe kwano, shi ke nan aikin yini ya ƙare. Ba kasuwa, ba hayaƙi, kulata kuma ta koma dawowa a cike. Makon jiya na same shi da ƙusa da guduma yana huda sabon rami a bel ɗinsa, da ya gan ni sai ya tura shi ƙarƙashin benci. Nan na tsorata, na ce kada garin neman gira mu rasa ido.

Don haka na koma wurin likitar ni kaɗai, na kwashe komai na faɗa mata. Ta ce abincin buhu yana da kyau, don an auna duk abin da jikin kare yake buƙata, kada a daina. Amma ta ce ba abin da zai hana a raba, na buhu da safe, na tukunya da rana, muddin babu albasa, babu tafarnuwa, babu ƙashi, gishiri da mai kuma a yi nesa da su. Dariya ta kama ni har ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata rabin wannan dokar ai ita ce likitan Baba ya kafa masa saboda hawan jini, ya ƙi bi, Inna ta yi fama har ta gaji. Ga shi abin da bai yi don kansa ba, zai yi don kare.

Na je da murnata na gaya masa, sai ya girgiza kai. Ya ce karen amana ne a hannunsa, mai shi kuma ya riga ya yi magana, ba zai sake hura wuta a ƙarƙashin tukunyar nan ba sai in kai ne ka ce. Ka ga inda ka gado taurin kai. To roƙona ke nan, ƙanena. Ka kira shi. Kada ka ce na ce ya rame, kada ka yi masa wa'azin cin abinci, zai gane da hannuna a ciki. Ka ce masa kawai kana so ya riƙa dafa wa Guduma na rana, don buhu kaɗai ba zai maye gurbin girkinsa ba. In ka iya, ka haɗa da ban haƙuri, ba zai rage ka da komai ba.

Gwaggo tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan jaririya. Kawu direba da maigidana da yara duk suna gaisuwa. Ka gaida mini amarya da kyau, ka ce ina yi mata sannu da reno. Baba bai san na rubuto ba, amma jiya da na leƙa ɗakin girkin na ga kabewa guda a ajiye kusa da tukunyar da ke kife. Da na tambaye shi, sai ya kau da kai ya ce hanya ce kawai ta bi da shi ta kasuwa. Auta, ka kira kafin kabewar nan ta ruɓe.

Taka har kullum,
Yayarka