Ni da Lasifikar Masallaci

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Yaya jiki, yaya iyali da zaman Legas? Mu nan Sandamu lafiya, ban da ni.

Tun da aka ɗaura wa masallacinmu lasifika, da na tashi kiran salla sai gabana ya yi ta faɗuwa, numfashi ya sarƙe, kamar ajali ya zo. Inna ta ce iska ce. Likita a Daura ya ce zuciyata ƙalau, tsoro ne: in ya taso in ja numfashi a hankali, in tuna jiya ma bai kashe ni ba.

Liman ya fara neman wani ladan, ni kuwa ban yarda ba. A gaida yara. Ka sa ni a addu'a gobe da azahar, lokacin ina tsaye gaban lasifikar.

Ƙaninka,
Sale